Sauka a Brava

Shekarata ashirin da biyu, akwatina ɗaya,
sai kwalin Littafi Mai Tsarki guda arba'in
da 'yan cocinmu na Recife suka yi karo-karo suka saya.
Uwata ba ta yi kuka a filin jirgi ba.
Sau uku ta gyara mini wuyan riga,
ta cusa maganin zazzaɓi a aljihuna,
ta ce, "Edivaldo, ka riƙa cin abinci."
Iyakar hudubarta ke nan.

Jirgin sama ya haɗiye dare guda,
ya tofar da ni a Praia.
Kwana huɗu ina jiran jirgin ruwa,
kullum a ce gobe, in teku ta yarda.
Ni da na ɗauko saƙon gaggawa,
ga ni a kan benci ina koyon zama.

Ranar da ta yarda, ashe da biyu ta yarda.
Ta ɗaga mu, ta maka mu, ta sake ɗagawa.
Wa'azina na farko a kan Mai tsawata wa guguwa ne,
na haddace shi tsaf, har gurbin ɗaga hannu,
amma tsakanin Fogo da Brava
ba abin da ya fito bakina sai abincin jiya.
Wani dattijo mai akuya ɗaure a ƙafarsa
ya tallafe goshina kamar shi ya haife ni,
ya matsa ɓawon lemun tsami a hancina.
Ban tambayi sunansa ba.
Har yau abin yana cina.

Furna, tasha ce kamar tafin hannu,
baƙaƙen duwatsu sun yi mata zobe,
gajimare ya sauko ya kwanta a kan gidaje.
Kwalina ya sha ruwan gishiri a cikin jirgi.
Fasto Anselmo da zai tarye ni
ya tafi jana'iza a bayan tsauni.
Na zaci harshensu nawa ne,
sai ga kalmomin da na sani tun ina goye
sun sake tufafi, suna wuce ni ba gaisuwa.

Nha Bibiana ce ta tsince ni,
tsohuwa mai yana a ido, mai ƙwarin ƙafa.
Ta ɗora kwalin a ka, ta yi gaba,
ni mai shekara ashirin da biyu ina haki a baya.
Ta zuba mini masara da wake da kan kifi,
ta tsaya a kaina sai da na ga gindin kwano.
Sannan ta zaro takarda daga ƙirjinta,
ta yi laushi don yawan naɗewa.
Daga Brockton, daga ɗanta Tói.
Mako uku tana ɗauke da ita,
ba ta so maƙwabta su riga ta jin abin da ke ciki.

Na karanta.
Sanyi ya yi yawa, aiki ya yi wuya,
bana ma ba zai samu zuwa ba.
Na so in sa wa maganar zuma,
harshena ya ƙi.
Ta ce in sake. Na sake.
A karo na uku ta riƙa motsa leɓe tare da ni.

Da yamma muka shanya littattafan a kan katanga,
kowanne da ɗan dutse a kansa,
iska tana buɗe su inda ta ga dama.
Sha ɗaya suka tsira.

Da dare na roƙi fitila da takarda.
Na daɗe alƙalami yana rataye.
Sai na rubuta:
Mama, na sauka lafiya.
Na ci abinci.